Lodin gumagumai don sanyin bana, yadda aikin ke tafiya

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Bana na yanke shawara ba zan ƙara sayen itace ɗauri-ɗauri a bakin titi ba, lodi guda na gumagumai zan sa a kawo min har gida, mu yanka mu faskara mu shanya da kanmu. Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya saboda duk wanda yake Jos ko Bukuru ko wani waje mai sanyi irin namu ya duba ya ga ko zai yi masa.

Babban dalili dai Hajiyarmu ce. Shekaru sun ja ga ciwon gwiwa, kuma duk wanda ya taɓa kwana a garin nan cikin Disamba ya san abin da nake faɗa, gari ne a kan tudu wajen mita 1,200, da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa, dole ruwan zafi na alwala da na wanka, dole kuma a ɗumama falo da daddare kafin ta kwanta. Hita ta lantarki muna da ita amma wutar ba tabbas, in ma an kawo kuɗin mita ba zai bari ka bar ta a kunne ba. Gas kuma kilo ya haura naira dubu ɗaya, ba mai dafa ruwan wankan gida guda da gas a wannan marrar.

Gidan da muke ciki tsohon gini ne na zamanin haƙar kuza, akwai murhu a jikin bangon falo da bututun hayaƙi da ya fita ta saman rufi, tun da muka tare ba a taɓa hura shi ba, an ma rufe bakinsa da katako ana ɗora kaya a kai. Shi nake so in farfaɗo da shi in Allah ya yarda.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na zagaya wajen masu itace, na leƙa har Kasuwar Katako a Laranto don in ga ragowar gefen katako da masu inji ke sayarwa, yana da araha amma yana cin wuta da sauri ba ya barin garwashi, na hura wuta ne kawai ba na ɗumi ba.

Abin da na fahimta lodin da ke shigowa gari kala uku ne. Akwai itacen daji da ake kawowa ta hanyar Bauchi da wajejen Toro da kuma ta Saminaka, su marke da ƙirya da baushe da doka. Akwai itacen turare, wato eucalyptus, da ake yankowa a nan kan Filato. Sai kuma itatuwan cikin gari, mangwaro da malaina da kashiya waɗanda masu gini suka sare don su samu fili.

In ana maganar kyawun wuta ba mai ja da marke, nauyi gare shi, hayaƙi kaɗan, garwashinsa yana kai wa asuba. Ƙirya kuwa kowa ya sani, ita ce gawayin maƙera, ita ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita saboda tauri. Raina ya biya wallahi, amma duk wanda na tambaya a ina aka saro sai ya ce daji, wane daji, shiru. Ta wannan hanyar ta Toro akwai gandun dajin Lame-Burra wanda doka ta hana sara a cikinsa, kuma a cikin wani tsibi da idona na ga gungumen ɗorawa da na kaɗanya, itatuwan da mata ke samun daddawa da man kaɗe a jikinsu shekara da shekaru, an zo an kwantar da su don a ƙone cikin 'yan makonni. Ƙirya guda kafin ta kai girman da ake sare ta an daɗe ana jira. Ni kam ba zan iya sa kuɗina a nan ba.

Turare zan saya. Asalinsa daga Ostareliya ne, tun zamanin Turawa aka riƙa shuka shi a filayen da aka haƙe kuza aka bar su ramuka da tarin ƙasa, yanzu kuma mutane da yawa suna da gonarsa ta kansu wajejen Heipang da Barikin Ladi da Vom. Yana saurin girma kuma in an sare shi kututturen yana sake tofowa, bayan 'yan shekaru a sake yanka. Yana da nasa aibin, yana shan ruwan ƙasa, amfanin gona ba ya kyau a gindinsa, a wuta kuma yana tartsatsi, amma dai na san an shuka shi ne don a yanka.

Litinin, 14 ga Oktoba

An haɗa ni da wani mai tipa da ke ɗauko turare daga gonar wani bawan Allah ta hanyar Barikin Ladi. Mun sha ciniki sosai don fetur ya haura dubu ɗaya lita, dizal ma ba a magana, kusan rabin kuɗin lodin na mota ne ba na itace ba, sannan ga masu gidajen burodi su ne manyan kwastomominsa, suna kwashe lodi-lodi su biya nan take, shi ya sa ba ya wani lallashin mai sayen lodi ɗaya.

Na ce masa wace tipar ce zai kawo. Ya ce, "Alhaji ai lodi lodi ne."

Na ce, "A'a malam, tipa ma ai manya da ƙanana ce, kuma ni sai na hau na duba kafin ka juye."

Ya yi dariya ya ce ba damuwa. Sharuɗɗan da na sa masa, kar a kawo gungumen da ya fi ƙarfin mutum biyu su mirgina, kar a kawo mai rami a ciki ko wanda gara ta ci, kar a cakuɗa min ɗorawa ko kaɗanya, in na gani ba zan karɓa ba. Mun daidaita a kan dubu 120 har ƙofar gida, na ba da rabi, rabi sai kaya sun sauka. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta ce za ta ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu bayan an faskara, wannan zai rage min nauyi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Kaya sun iso da hantsi. Tipa ba ta iya shiga get ɗinmu ba, dole aka juye a waje, kuma ga shawara ga duk mai niyya, ka duba sama kafin direba ya ɗaga bayan mota, wayoyin wuta na unguwanninmu suna rataye ƙasa-ƙasa, sai da muka sa shi ya matsa gaba ya kauce musu tukuna, sannan aka kori yara gefe don gungume in ya sauko ba ya tsayawa inda ka zata.

Na hau na duba kamar yadda muka yi. Sama an jera shi gwanin kyau amma ta ƙasa an gicciya wasu manyan sun bar sarari da yawa a tsakani, iska ce aka auna maka a matsayin itace. Na nuna masa, bai yi musu ba, ya ce yaran lodi ne, aka rage dubu 8. Yawancin lodin turare ne ɗanye shar, in ka taɓa inda aka yanka hannunka yana jiƙewa, sai gumagumai kaɗan na mangwaro da malaina da ya ce ƙari ne. Mangwaron busasshe ne da alama ya daɗe da mutuwa a tsaye, wannan ya faranta min rai don shi za mu fara da shi.

Da ni da ƙanina da samarin unguwa muka shigar da su, ƙananan a baro, manyan kuma mirginawa da sanduna. Mun shimfiɗa tsofaffin azara a ƙasa muka ɗora su a kai don ruwa bai gama ɗaukewa ba, ƙasa da danshi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mai injin yanka itace irin mai sarƙa ya zo. Dubu 25 aikinsa, fetur da baƙin mai nawa. Kafin ya tayar da injin sai da ya sa muka goge ƙasa da yashi daga jikin ɓawon, ya ce yashi ne ke dakushe sarƙa fiye da itacen kansa, kuma mangwaron ya ƙi taɓa shi sai da ya duba ko akwai ƙusa, ya ce itacen cikin gida ba ya rasa ƙusar igiyar shanya a jikinsa, in sarƙa ta haɗu da ita an yi asara ko ma a ji rauni. Ya kuwa samu guda biyu.

Awo biyu na ba shi. Na murhun falo santimita 40 don faɗin murhun bai kai a sa dogo ba, na yanka sanda daidai tsawon ya riƙa aunawa da ita. Na murhun girki a waje kuma ya bar su da ɗan tsawo don uwargida ta fi son wanda za ta riƙa turawa a hankali. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne silifas ne a ƙafarsa, ba gilashi a ido, ba komai a kunne, na ba shi takalmin aiki na ƙanina da tabarau ya sa, ya karɓa don ganin idona. Irin wannan injin in bakinsa na gaba ya taɓa abu yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, ba abin wasa ba ne. Garin katakon da ya zuba mun tara a buhu, masu kiwon kaji na so.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Tun farkon makon nan ba wuta, ba mu kaɗai ba kusan duk Arewa ce a duhu, masu markaɗe da masu walda da masu ƙanƙara duk sun tsaya. Itacen bakin titi har ya ƙara kuɗi a 'yan kwanakin nan don masu girki da lantarki sun dawo murhu.

Faskare ake yi yanzu. Wani dattijo ne da ya daɗe yana wannan sana'ar a unguwarmu, da shi da ɗansa. Da ya ga tsibin sai ya ce, "Yaro ka yi dabara da ka kira ni yanzu, turare in ya bushe a gungume sai dai ka yi ta dukansa yana mayar maka da gatari."

Na ce, "Baba me ya sa haka?"

Ya ce jijiyarsa a murɗe take, yana ɗanye tana saki, in ya bushe sai ta ƙulle. Na tsaya na kalli yadda yake yi, ba ya sara a tsakiya kamar yadda mu muke yi, sai ya duba fuskar gungumen ya nemi inda ya fara tsagewa da kansa ya bi nan, manyan kuma yana ɓantarar su ta gefe-gefe har ya zo ciki, masu ƙulli inda reshe ya fito kuwa ba ya ɓata ƙarfinsa a kansu, ƙarfe yake kafawa ɗansa ya bi da guduma. Gatarinsa ma ba irin mai kaifin nan na sara ba ne, mai kauri ne mai nauyi, ba yanka yake yi ba buɗawa yake. Malainar kuwa ba ta ba shi wahala ba ko kaɗan, ya ce wannan ba itacen ɗumi ba ce, ba nauyi, ta yi wa mai ƙosai daidai.

Na roƙe shi ya yi min rabi sirara kamar kaurin damtse, don su nake sa ran za su bushe kafin sanyi ya kankama, sauran ya bar su da kauri. Ya ce sirara sun fi cin lokaci sai na ƙara masa, muka tsaya a dubu 30 da abincin rana. Hakkinsa ne, duk wanda ya ɗaga gatarin nan sau goma ba zai yi masa ciniki ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Jeri. Wannan ne wajen da mutane ke sakaci, a faskara a tara tsibi guda a lungu a rufe da leda, na waje ya bushe na ciki ya yi funfuna. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin ɗari kafin ya ci wuta yadda ya kamata, in ba haka ba zafin da ya kamata ya shigo ɗaki a wajen dafa ruwan cikin itacen yake ƙarewa, kai kuma ka sha hayaƙi.

Mun jera bulo a ƙasa muka ɗora azara, sannan itace a kai, saboda gara, garar nan in ta samu itace a ƙasa ba ta jira. Layi-layi muka yi, kowane layi faɗin itace ɗaya, tsayi bai wuce ƙirjina ba don kar ya rushe kan yara, tsakanin layi da layi kuma mutum zai iya wucewa. Mun bar tazara da katanga da kuma ɗakin kwana saboda kunama da maciji suna son irin wannan wajen. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai muka juya layukan yadda za ta riƙa dukan bakin itacen ta ratsa ta wuce. Sama kawai muka rufe da tsohon kwano muka danne da dutse, gefe a buɗe.

Don kar in riƙa yin hasashe na ɗauki guda biyu na kai wajen mai gas ya ɗora min a sikeli. Matsakaici kilo 4.0, mai kauri kilo 9.0, na rubuta a jikinsu da maka na mayar da su tsakiyar layi. Duk ranar da nauyin ya daina raguwa to ya bushe iya bushewarsa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun buɗe murhun falo. Magini ya hau sama ya leƙa bututun, sheƙar tsuntsaye ce cike da shi da tsohuwar kunkunniya, ya ɗaura buhu da dutse a igiya ya riƙa sakawa yana ja har ya fita fes, abin da ya zubo ƙasa ya cika baro. Ya samu tsaga a jikin bulon daidai inda bututun ya ratsa silin, kusa da katakon rufi, ya ce nan ne wajen da gobara ke tashi, ya cike da siminti, ya sa raga a saman bututun da ɗan murfi. Muka ƙona takarda a murhun don gwaji, hayaƙin ya miƙe sama bai dawo falo ba, alhamdu lillahi.

Mai walda zai yi min abu biyu yanzu da wuta ta dawo, gadon rodi da zai ɗaga itacen daga ƙasa iska ta shiga ta ƙarƙashi, da ragar ƙarfe ta gaba saboda tartsatsin turare, falon da kafet.

Talata, 26 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka sosai, hazo, leɓe na tsagewa. Matsakaicin ya koma kilo 3.3, mai kaurin 8.2. Bakin itacen duk ya yi tsaga-tsaga, ɓawon yana ɓallewa da kansa, yara suna tara shi da ƙirare a kwando don hura wuta. Mai ƙosai ta kwashi rabonta ta biya.

Asabar, 7 ga Disamba

Jiya da daddare muka hura murhun falo karon farko, da mangwaron nan busasshe da siraran turare daga layin da ya fi shan iska. Manya a ƙasa, ƙanana a kansu, ɓawo da ƙirare a can sama, a saman na kunna wutar ta riƙa ci tana sauka, haka hayaƙi ya fi raguwa kuma bututun yana ɗumama da wuri ya fara ja. Ba kananzir ba leda, na hana, ledar nan da ake hura wuta da ita warinta kaɗai ya isa ya tayar wa mutum da tari balle mai shekaru irin na Hajiya.

Ta zauna a kujera gefen murhu ta miƙe ƙafa, ta ce, "Kai wannan ɗumin har cikin ƙashi, Allah ya yi maka albarka." Na ce amin Hajiya. Wallahi duk wahalar da aka sha a nan ta biya.

Amma in faɗi gaskiyar abin da na gani, buɗaɗɗen murhu irin wannan yawancin zafinsa ta bututu yake ficewa, na kusa da shi ne ke jin daɗi, wanda ke can ƙarshen falo sai dai ya ga haske. Kuma yana cin itace ba kaɗan ba. Abin da muka yi sai muka jera bulon ƙasa gasasshe a gefen wutar, in ya ɗauki zafi a naɗe shi a tsohon bargo a kai mata ƙarshen gado, yana riƙe ɗumi ya daɗe. Tukunyar ruwa kuma a gefen garwashi, kafin a kwanta an juye a fulas na asuba.

Na gwada sa ɗaya daga cikin masu kaurin don in gani. Sai ya fara tsiii, kumfa na fita ta bakinsa, wutar ta dushe hayaƙi ya ƙaru, na zare shi na fitar. Waɗannan ba na bana ba ne. Matsakaicin nan kuma yau kilo 3.1.

Alhamis, 19 ga Disamba

Wannan ba maganar lodina ba ce kai tsaye amma dole in rubuta. Wani maƙwabci ya zo neman garwashi a kasko zai kai ɗakin matarsa da jariri su kwana da shi, ƙofa da taga a rufe don sanyi. Na zaunar da shi na roƙe shi don Allah kar ya yi. Garwashi da gawayi suna fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari, ba kamar hayaƙi ba da zai shaƙe ka ka farka, ita ciwon kai take fara sawa da jiri da kasala, mai barci kuma ba ya jin ko ɗaya, sai dai a wayi gari a ɓalle ƙofa. Duk shekara lokacin sanyi ana jin irin wannan labarin, da na janareta ma da ake kunnawa a cikin gida. Na ce masa ya ɗumama ɗakin taga a buɗe, ya fitar da kaskon kafin su kwanta, na ba shi bulo biyu masu zafi a tsumma ya tafi da su.

Mu ma nan ƙa'idar da na sa ke nan, ko da akwai bututu, taga ɗaya tana ɗan buɗe muddin wuta na ci, ba mai kwana a falo, ba a ƙara itace bayan ƙarfe tara, kuma toka a bokitin ƙarfe ake kwashe ta a ajiye a tsakar gida nesa da itace, don rushi yana iya kwana biyu a cikin toka bai mutu ba. In ta huce uwargida tana wanke tukwane da ita, sauran na zuba a lambun bayan gida kaɗan-kaɗan.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Muku-mukun sanyi. Da asuba masallaci sahu ya ragu, kowa da hular sanyi da safa. Yanzu kullum ake hura falo, ga murhun waje na ruwan wanka, itace yana tafiya da sauri fiye da lissafina na farko. Mangwaro ya ƙare tuntuni, siraran turare saura kamar kashi ɗaya cikin uku.

Matsakaicin ya sauko kilo 2.8, in ka haɗa biyu ka buga suna ƙara kamar ƙwarya, ba irin dum-dum ɗin da suke yi a Oktoba ba. Mun fara ƙona irinsu kuma bambancin a fili yake, suna kamawa da wuri, harshen wuta mai haske, garwashi mai kyau wanda ban zaci turare zai yi ba, har Baba mai faskare da ya biyo ya duba ya ce bai kai marke ba amma ba laifi. Mai kaurin yana kilo 7.5 kuma yana kan raguwa. Na ce wa Baba ko ya ƙara tsaga min wasu daga cikinsu su yi saurin bushewa, ya gwada guda ya ce, "Ka gani ko, ya riga ya ƙulle, wannan sai ƙarfe da guduma." Ya yi min kaɗan iya wanda zai kai mu ƙarshen wata.

Magini ya sake leƙa bututun, kunkunniya ce mai laushi ba mai danƙo ba. Ya ce ɗanyen itace ne ke barin baƙin danƙon nan a jikin bututu, shi ne ke kamawa da wuta wata rana, namu kam ba matsala, a dai share kafin baɗi.

Asabar, 25 ga Janairu

Sanyi ya fara sassautawa da rana, dare da asuba ne har yanzu. Matsakaicin bai motsa daga wajen 2.8 ba, wato ya gama. Mai kaurin 7.1.

Lissafi. Lodi dubu 112 bayan ragi, mai inji 25 da fetur da mai wajen dubu 9, faskare 30 da ɗan ƙarin da na yi wa Baba, samarin da suka taya shigarwa dubu 6. Aikin murhu da walda ban sa a ciki ba don wannan sau ɗaya ne. Mai ƙosai ta mayar min da dubu 45. Abin da muka ƙona daga Disamba zuwa yau bai kai rabin abin da ya rage mana bayan ta ɗauki nata ba, da ɗauri-ɗauri muke saye yadda muke hura wuta kullum ɗin nan da ya kusa cin kuɗin lodin gaba ɗaya, kuma da yawansa ɗanye za a ba mu don masu sayarwa ba sa jira ya bushe. To akwai sauƙi, amma ga mai fili a gida da kuɗin da zai iya fitarwa lokaci guda, wanda ke haya ɗaki ɗaya sai dai su haɗu su uku ko huɗu su raba lodi.

Oktoba ta yi latti ga masu kauri. Lodi na gaba a Fabrairu ko Maris zan sa a kawo, lokacin hanyoyin gona a bushe suke tipa na shiga ko'ina, a faskara nan take ya sha zafin bazara kafin ruwa ya sauko a Afrilu. Wannan yana nufin dole rumfa ta gaske mai kwano da ginshiƙi wadda za ta jure marka, ba kwano da dutse a kai ba, kafinta zai zo Litinin ya auna bayan kicin. Na kuma yi magana da mai walda kan murhun ƙarfe rufaffe mai ƙofa da za a zura a bakin na bangon a haɗa shi da bututun, don ya riƙe zafi a falo ya rage cin itace, ya ce sai ya nemo farantin ƙarfe mai kauri tukuna ya faɗa min kuɗi.

Azumi yana zuwa farkon Maris, uwargida ta ce a ware mata layi ɗaya na dogayen saboda kunu da girkin buɗa-baki, na ware. Mai tipa na kira shi ɗazu ya ce gonar da aka yanko mana kututturen har sun fara tofo, amma lodin Fabrairu daga wata gonar zai ɗauko wajen Vom, na ce masa wannan karon zan bi shi in ga wajen da kaina kafin a loda.